Gonar Jingina da Kajin Otal

Barakatu tana duƙe cikin barkono a gonar ubanta, tana tsinkar wa wani. In ta cika kwando a auna, da yamma a ba ta ladanta kamar sauran matan da aka ɗebo daga Ɗansoshiya. A gonar nan ta koyi tafiya, amma shekara biyar ke nan gonar tana hannun Alhaji Ubale, mai sayen hatsi, a matsayin jingina.

Ran nan bayan kaka sai ga Alhajin da kansa, shi da wani mutum mai igiya, suna aune-aune suna kafa turaku a gefen rafi. Barakatu ta miƙe, ta dafe ƙugu, ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Alhaji, me ake aunawa?"

"Mangwaro zan dasa, Barakatu. Mai aure. Da ruwa ya sauka."

"A gonar jingina?"

"To ya zan yi? Kuɗina na zaune, ƙasa na zaune. Ku da kuke da manaja a gida, ai na zaci kun fi ƙarfin noma."

Ya faɗa yana dariya, ba da faɗa ba, ya ci gaba da aunawarsa. Ita kuwa sai ta ji kamar barkonon da ke hannunta a ido aka zuba mata.

Kun dai san yadda jingina take. Wanda ya ba da kuɗi shi ke cin gona har ranar da aka mayar masa da abinsa. In dawa ce ko masara ba damuwa, ya girbe ya kwashe, ka karɓi ƙasarka. Itace kuwa daban ne. Ranar da ka zo fansa sai ka biya kuɗin kowace bishiya, bishiya kuma kullum girma take yi, kuɗinta na girma tare da ita. Gonar da aka dasa wa mangwaro a hannun mai jingina, da wuya ta koma gida.

Abin da ya fi ci wa Barakatu rai, ita ce ta tsaya aka ba da gonar.

Lokacin da ƙanenta Hamidu ya gama sakandare, ubansu Malam Isa bai daɗe da rasuwa ba, ita kuma mijinta ya rasu ta dawo gida da 'ya'ya uku. Shanun gidan tun shekarun fari suka ƙare, sai wannan gona kaɗai. Aka yi zama a zaure, ƙanen ubansu Baffa Mudi ya ce yaro ya tafi kwalejin horon malamai, ba ko sisi, har ɗan alawus ake ba su. Hamidu ya sunkuyar da kai ya ce shi karatun kula da otal yake so, a kwalejin kimiyya da fasaha.

Baffa Mudi ya ce, "Karatun me?"

"Kula da otal, Baffa. Da abinci da masaukin baƙi."

"Wato sai an sayar da gona sannan za ka iya shimfiɗa wa baƙo tabarma. Ka zo gidana matata Hajara ta koya maka kyauta."

Daga bayan ƙofa Barakatu ta sa baki, ko da yake ba a kira ta ba. Ta ce malamin makarantar garin nan wata nawa yake yi ba a biya shi ba, kowa ya sani, kekensa ma a jingine yake ba taya. Ta ce yaron ya yi mata lissafi: mai takardar otal albashinsa ya fi na malami, ga abinci kyauta, ga ɗaki kyauta, in ya daure shekara ɗaya zai fanso gona. Innarsu ta bar musu zancen, don ita saboda kunya ko sunan Hamidu ba ta faɗa a gaban mutane. Aka je gaban mai unguwa, Alhaji Ubale ya ajiye naira dubu uku, ya karɓi gona.

Hamidu bai ba su kunya ba. Ya gama, ya fito da difloma, ya sami aiki a wani babban otal na bakin dam can ƙasar Bebeji. Tun daga ranar sunansa a gari ya koma Manaja.

To, sai aka shiga jira. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. In ya zo sallah ya kawo sabulu da burodi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya danƙa wa Inna, ya koma. In Barakatu ta tayar da zancen gona sai ya ce, "Adda, a ƙara haƙuri." Amma duk wanda ya bi hanyar Kano ya dawo, bakinsa cike da yabo. Wannan ya ce Manaja ya sa an kawo masa kaza sukutum. Wancan ya ce ya kwana a ɗaki mai sanyi har sai da ya nemi bargo. Baffa Mudi da kansa, mai cewa a zo Hajara ta koyar kyauta, ya dawo yana ba da labarin wani abu mai sanyi da ake sha da cokali.

Duk wannan yana zuwa kunnen Barakatu tana tsinkar barkono. Ta riga ta yanke a ranta cewa yaron ya lalace. Mai kyautar kaji ba zai rasa kuɗin gona ba, sai dai in akwai inda yake kai su, kuma kowa ya san abin da ake faɗa game da otal.

Da ta dawo gida ran nan ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Inna, gobe za ni wurin ɗanki."

Inna ta ce, "Ki bi shi a hankali."

"Hankalin ne ya kai mu ga mangwaro."

Washegari ta ƙulle kuɗin barkononta a bakin zane ta fita. A Kwanar Dangora, wurin sauyin mota, ta ci karo da ƙawarta Kulsum, wadda ta rako wata gwaggon mijinta asibiti suna kan hanyar dawowa. Tsohuwar ta galabaita, tun safe ba ta sa komai a ciki ba. Kun san halin ɗan Adam. Barakatu ta fito ne da niyyar ta ci mutuncin Hamidu, amma da ta ga tsohuwa da yunwa sai bakinta ya riga ta.

"Ku zo mu je wurin ƙanena ku ci abinci ku huta. Ga shi nan kusa. Ai gida ne."

Suka isa da rana tsaka. Mai gadi ya dube su ya dubi takalmansu, da suka ce wurin Hamidu suka zo sai ya yi wani murmushi ya nuna musu hanya. Suka tarar da shi a tsaye a ɗakin cin abinci, farar riga, baƙin wando, da wani ɗan ƙyalle ɗaure a maƙogwaro. Ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Barakatu ta gani, ta ce a ranta, ai dama masha'a ba ta sa ƙiba.

Ya durƙusa ya gaishe su. Ya dubi Addarsa, ya dubi baƙin biyu, sannan ya ja musu kujeru. Ba a jima ba aka jere musu shinkafa da kaza da lemon kwalba mai raɓa. Tsohuwar ta ci tana sa albarka. Kulsum ta ci rabi ta nemi leda ta zuba sauran don yara, sannan ta ce, "Manaja, ba a samun ko cinya ɗaya in kai wa maigidan? Kada ya ce na ci ni kaɗai."

Hamidu ya ce, "Ana samu."

Barakatu ta cinye nata tas, don haushi bai taɓa hana ta cin abinci ba. Ta wanke hannu ta ce masa, "Zo, ina da magana."

Ya kai ta bayan kicin, inda ɗakunan ma'aikata suke. Ɗakinsa katifa ce ɗaya a ƙasa, da akwatin ƙarfen da ya tafi makaranta da shi, da rediyo. Ba ta ko zauna ba.

"Kai wane irin ɗa ne? Ni ina aikatau a gonar ubanmu, ana auna mini kamar baƙuwa, kai kana nan kana rabon kaji ana kiranka Manaja. Ka san Ubale ya kafa turaku? Mangwaro zai dasa da ruwan fari. Ni na buɗe baki a gaban maza na ce a ba ka gonar nan, har yau Baffa bai daina yi mini gori ba. Ina albashin da ka yi mini lissafi? Wace ce take cinyewa? Faɗa mini sunanta in je in gaishe ta, tun da ta gaji Malam Isa."

Ta daɗe tana yi. Ta tono ranar da ta sayar da tasoshin aurenta ta saya masa takalmin makaranta. Ta tono zazzaɓin da ya yi yana yaro ta goya shi har Kiru. Shi dai yana tsaye, kansa a ƙasa, yana murza ɗan ƙyallen wuyansa da ya kwance.

Da ta tsaya shan iska sai ya ce, "Adda, kin ƙoshi?"

"Me ka ce?"

"Abincin da kuka ci. Ya ishe ku?"

"Kai, ni za ka yi wa rashin kunya?"

"Ba rashin kunya ba ce. Faranti uku, da lemo, da cinyar mijin Kulsum. Wannan aikina ne na kusan mako guda."

Ta ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "Ni ba manaja ba ne. Manaja yana sama, ko gaisuwata ba kullum yake amsawa ba. Ni mai kula da ɗakin cin abinci ne. Duk farantin da ya fito daga kicin ɗin nan sai an san wanda zai biya. In baƙon ma'aikaci ne, a cire daga albashinsa ƙarshen wata. Ɗaki ma haka. Abincina ni kaɗai ne kyauta, shi ma ba irin wanda kika ci ba."

"Kajin da ake ta ba da labari..."

"Nawa ne. Baffa ya zo da surukansa. Liman ya aiko baƙinsa na Doguwa su kwana. 'Yan ƙwallon garinmu sun zo wasa Bebeji, aka ce musu ai akwai ɗan gida, suka zo da mota guda. Akwai watan da na je karɓar albashi aka ce ni ake bi."

"Kai kuma ba ka da baki?"

Nan ne Hamidu ya ɗaga kai, kuma ba ta taɓa ganin idonsa haka ba.

"In ce me? In ce wa Baffa ya biya kuɗin tuwo a wurin ɗansa? Ke da kika shigo yanzu da baƙi biyu, kin tambaya? Da na tare ki a ƙofa na ce Adda kawo kuɗi, da wane labari za ki koma gida? Ku kuka koya mini in baƙo ya zo ko akuyar gida ce a yanka. A makaranta aka koya mini baƙo shi ke biya. Ba wanda ya gaya mini abin da zan yi in baƙon Baffana ne."

Barakatu ta nemi bakin katifa ta zauna. 

Can ta ce, "Albashin kansa fa? Ƙarya ka yi mini tun farko?"

"Ban yi miki ƙarya ba. Ya fi na malamin makaranta, kuma ana biya kan kari. Kaya sun yi tsada ba kamar lokacin da muka yi lissafi ba, amma da ana bar mini shi, da tuni kina noma gonarki." Sannan ya ƙara da cewa, "Mai cin mafi yawa ma ba ki tambaya ba."

"Wa?"

"Alhaji Ubale. Duk ranar da ya kai hatsi Kano, nan yake yada zango a dawowa, shi da direba da duk wanda ya ɗauko. Yau ma ranarsa ce."

Barakatu ta miƙe a hankali tana gyara ɗaurin zane. Hamidu ya san wannan gyaran tun yana yaro.

"Adda, don girman Allah. Wurin aikina ne."

"Na ji."

"Ki bari in san yadda zan yi."

"Shekara biyu kana sanin yadda za ka yi."

Ta fara zuwa wurin mai karɓar kuɗi, ta kwance bakin zanenta ta zazzage kuɗin barkonon gaba ɗaya a kan tebur, ta ce a cire na abincin da suka ci. Matar ta ƙirga, ta dubi Hamidu, ta ce a hankali bai kai na faranti biyu ba. Barakatu ta ce a riƙe haka nan. Ta sa Hamidu ya ba Kulsum da tsohuwar kuɗin mota, ta sallame su ba tare da ta yi musu bayani ba. Sannan ta sami kujera a lungu ta zauna.

Bayan la'asar sai ga Alhaji Ubale da mutum uku. Tun daga ƙofa yake kira, "Ina Manajan? Ina ɗan nawa?" Suka baje a babban tebur, ya cire hula ya ajiye, ya ce a kawo kamar kullum, a ƙara da farfesu don yau akwai baƙo daga Tudun Wada. Barakatu ta bari sai da aka jere komai, sai da ya kai loma ta farko, sannan ta taso.

"Alhaji, barka da hutawa."

"A'a, Barakatu? Ke ma kin gano hanya ke nan. Zauna, zauna a kawo miki."

"Na ƙoshi. Zuwa na yi in tambaya, wa zai biya wannan?"

Ya yi dariya ya dubi abokansa. "Ji wata magana. A gidan ɗana?"

"Ba gidansa ba ne. Kazar da ke hannunka daga albashinsa za a cire ta. Da ta makon jiya, da ta bara. Kana riƙe da gonarmu kana jiran kuɗi, kuɗin kuma kana biyowa nan kana cinye su tun kafin su iso gida. Ka ci barkonon, ka ci kazar, yanzu kuma za ka dasa mangwaro ka sha inuwa."

 Wasu Turawa biyu a teburin gefe suka ajiye cokula. Alhaji Ubale ya dubi Hamidu.

"Kai, gaskiya ne?"

Hamidu ya sunkuyar da kai, kuma hakan ya isa.

Ku ji fa, Alhaji Ubale ba ɓarawo ba ne. Har ga Allah ya ɗauka kayan gwamnati ne, ko kuma wani haƙƙi ne da ake ba manya a wurin aiki. Da an ja shi gefe an gaya masa, wataƙila da ya ji nauyi. Amma an faɗa masa ne a gaban baƙonsa na Tudun Wada, da maiƙo a hannu, kuma mace ce ta faɗa. Fuskarsa ta haɗe.

"To ni na san haka? Bakinsa ciwo yake yi? Yaron nan lokacin da yake makaranta, sau nawa ya sauka a zaurena na Kano ya ci tuwona? Na taɓa ce masa kawo? Tun kakanninmu ban taɓa jin an bi baƙo bashin abin da ya ci ba, sai a gidan Malam Isa."

"Tuwon zaurenka ba a cire shi daga bakin marayu ba. Ni ba faɗa na zo yi ba, Alhaji."

"A'a, gaisuwa kika zo yi."

"Abu ɗaya nake so. A lissafa abin da ka ci a nan, a rage daga kuɗin jingina."

"A rage me?" Ya miƙe yana goge hannu da hularsa ba tare da ya lura ba. "Abincin baƙo ba ya zama bashi, ko gaban alƙali za ki. Kuɗina kuwa a gaban mai unguwa na ajiye su, da shaidu." Ya zura hannu a aljihu ya damƙo kuɗi ya watsa a kan tebur, wasu suka faɗa cikin farfesu. "Ga na yau. Ku kawo mini dubu uku cif kafin ruwa ya sauka. In ba haka ba, wallahi ko rijiya na ga dama sai in haƙa."

Suka fice. Manajan gaske ya sauko daga bene, wani gajere mai tabarau, ya kira Hamidu gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Barakatu ba ta ji abin da ya ce ba, amma ta ga yatsan da yake nunawa. Da Hamidu ya dawo ya raka ta bakin titi, ya sa ta a mota ya juya ko sallama babu.

Da wata ce, da ta tsaya nan. Barakatu kuwa ta san in Alhaji ya daina zuwa, akwai saura. Da aka yi suna a gidan liman, mata sun cika tsakar gida ana rabon waina, ta miƙe ta faɗa musu duka, da muryar da za a ji daga zaure. Ta ce Hamidu ba manaja ba ne, ma'aikaci ne, kuma duk wanda ya ci kaza a wurinsa gonar marayu ya ci, har da ita kanta. Ta ce daga yau wanda zai je ya tafi da kuɗinsa a aljihu.

Ba wanda ya ce ta yi ƙarya, ba kuma wanda ya yafe mata. Kulsum ta daina shigowa gidan, ta aiko a gaya mata da ta san cinyar kaza za ta zama abin shela da ta bar mijinta da yunwa. Baffa Mudi ya ce shi dama ya faɗa, karatun da zai sa ɗa ya sayar wa ubansa ruwan sha ba karatu ba ne. Samari suka sauya wa Hamidu suna, daga Manaja ya koma Kawo Kuɗi. Inna ta yi kwanaki ba ta fita ko ɗiban wuta maƙwabta.

Amma albashi ya fara zuwa cikakke. Barakatu ta riƙa duban gabas kowace safiya kamar mai jiran abokin gaba. Zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa. Hamidu ya sayar da rediyonsa, ita ta sayar da tunkiyar da take kiwo don sallah. Da aka haɗa duka, rabi aka samu da ɗan ɗoriya.

Hamidu ya kawo kuɗin da kansa. Ya sauka daga mota ya bi ta gaban majalisar bakin masallaci ya yi sallama, aka amsa masa a daƙile, ba wanda ya matsa masa wuri a tabarma. Da yamma sai ga Hajara, matar Baffa Mudi, da kwanon tuwo a rufe, kamar yadda ake kai wa duk ɗan da ya dawo daga tafiya. Ta ajiye a gabansa ta tsaya.

"Baffanka ya ce a kawo maka. Ya ce naira biyu ne, miya kyauta."

Hamidu ya sa hannu a aljihu. Barakatu ta riƙe hannun, ta ɗauki kwanon ta miƙa wa Hajara.

"Ki ce masa an gode, mun yi girki. Ki kuma ce masa nasa kwanon ya fi arha, namu da ya ci can da surukansa ya kai kuɗin ɗan maraƙi."

Washegari aka zauna gaban mai unguwa. Alhaji Ubale ya ce shi cif ya ce, ba rabi ba. Mai unguwa ya yi ta ba shi baki, ya tuna masa zaman da ya yi da marigayi Malam Isa. Da ƙyar ya yarda a raba gonar. Rabin kuɗi, rabin ƙasa, ɗaya rabin ya ci gaba da zama a jingina. Amma shi zai zaɓa, tun da shi aka ci wa mutunci. Ya zaɓi gefen rafi, inda ƙasa take baƙa mai danshi. Aka bar musu tudun, mai yashi.

Barakatu ta buɗe baki, mai unguwa ya ɗaga mata hannu. "Ke kin riga kin yi taki maganar a otal."

Ruwa ya sauka a makon. Aka ja iyaka aka dasa gamba a tsakani. Daga can ƙasa ma'aikatan Alhaji suna ta haƙa ramuka suna sauke dashen mangwaro daga kura, daga nan sama Barakatu da 'ya'yanta suna bin saran da Hamidu yake yi musu suna jefa gero. Hannunsa ya manta sungumi, kafin hantsi duk ya yi bororo ya fashe.

Ya tsaya ya dubi ramukan mangwaron ya ce, "Da na bi maganar Baffa, da yanzu duk tamu ce. Ko ba albashi, da gona."

"Da yanzu kana bin gwamnati bashin wata shida kana cin gero a hannuna. Sara, rana na yi."

"Adda, kowace shekara kuɗin itatuwan nan ƙaruwa zai yi."

"Na sani. Su ma sai sun yi shekaru kafin su zama wani abu. Kai dai ka riga su." Ta tura ƙasa da diddige ta rufe ramin. "Gobe ka koma bakin aikinka. Duk wanda ya zo maka daga garin nan, ko liman ne, ka gaishe shi da kyau, ka ba shi ruwan randa, ka ce Adda ta hana. Ni a zage ni, na saba."

"In Inna ce fa?"

Barakatu ta jefa iri a rami biyu.

"Inna ba za ta zo ba. In kuwa ta zo, ka aiko in biya."

Ta ɗebo wani geron daga ƙwarya ta ci gaba, ba ta ko waiwayi gefen rafi ba.